Kimiyya a Gareji: Kafin Ka Sayo wa Tsohuwar Jif Sabon Lagireto

 Yau za mu buɗe bonet ne mu leƙa lagireto, wato tankin nan mai siraran bututai da ke gaban inji. Mun zaɓi wannan batu saboda da yawa daga cikinmu a Gusau da Tsafe da Bunguɗu muna koyon kanikanci bayan an tashi makaranta, wasunmu kuma mu ake aika kasuwa sayen kayan gyara idan motar gida ta lalace.

Tsofaffin motocin shiga daji, irin su Land Cruiser da Hilux da Pajero, su ne ƙafar ƙauyukanmu. Su ke fito da buhunan masara da waken suya zuwa bakin titi, su ke kai mara lafiya asibiti a Gusau. Kuma duk mun san halin da hanyoyin jiharmu ke ciki: motar da ta tafasa ta tsaya a daji da yamma, ba asarar kuɗi kaɗai ta jawo ba, ta jefa ran mutanen da ke ciki cikin haɗari. Shi ya sa zaɓen lagireto ba wasan yara ba ne.

Mene ne aikinsa?

Mu tuna darasin fiziks. Man da inji ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke zama ƙarfin da ke juya taya. Sauran zafi ne: wani ya fice ta salansa, wani kuma ruwa ya kwashe shi daga jikin inji. Famfon ruwa na tura wannan ruwa mai zafi cikin bututan lagireto, zafin ya ratsa ƙarfe ya shiga siraran ganyayyakin da ke tsakanin bututan, iska ta ɗauke shi, ruwan ya koma inji da sanyi.

A kan kwalta, misali daga Gusau zuwa Tsafe ta Kwatarkwashi, gudun mota kansa na tura iska cikin lagireto. Amma da an sauka hanyar burji ko yashi, da lodi, a giya ta ɗaya ko ta biyu, inji na aiki tuƙuru alhali iska ba ta shiga sai wadda fanka ta jawo. Haɗa wannan da zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40, da ƙurar hunturu, da taɓon damina da ke toshe ganyayyakin, za mu gane dalilin da ya sa lagireton da ya ishi motar cikin gari ke iya gaza motar ƙauye.

A fara kama mai laifi

Kafin a kashe ko sisi, a tabbatar lagireton ne ya mutu. Sau da yawa laifin na wani ne. Fambel na iya sassautawa. Famfon ruwa na iya cinyewa. Fankar irin waɗannan motoci na da wani ƙulli mai mai a ciki, idan man ya tsiyaye sai ta riƙa juyawa ba ƙarfi. Murfin lagireto ma, duk da ƙanƙantarsa, babba ne: ruwa na tafasa a digiri 100, amma murfi mai lafiya na riƙe matsi kusan ba 1, wanda ke ɗaga ma'aunin tafasa zuwa wajen digiri 120. Idan robarsa ta mutu, mota za ta riƙa amai ko da lagiretonta sabo ne fil.

Mafi muni shi ne ƙonewar gasket ɗin kan inji. Alamominsa: kumfa na tasowa a bakin lagireto idan an tada inji, farin hayaƙi daga salansa, baƙin mai ya koma kamar an dama shi da madara. Wanda ya ga haka ya sayo sabon lagireto, ya yi gyaran gangar auzinawa.

Idan kuwa tanki ya tsage, ko bututai sun cika da tsatsa, ko ganyayyaki na marmashewa idan an shafa da yatsa, to lokacin canji ya yi.

Iri uku ne a kasuwa

Na farko shi ne na tagulla, wanda tsofaffin motoci da yawa suka zo da shi daga kamfani. Yana da nauyi, yana da tsada, amma an liƙe shi ne da dalma. Ma'ana, mai gyaran lagireto a bakin tasha na iya buɗe tankinsa, ya zurara waya ya wanke bututan, ya sake liƙewa.

Na biyu shi ne na alminiyam mai tankin roba, wanda ya mamaye motoci tun daga wajajen shekarun 1980. Ba shi da nauyi, kuma ya fi araha. Rauninsa robar ce: zafi da shekaru da jijjigar hanya na sa ta tsage, musamman a wuyan da tiyo ke shiga, kuma facin gam ba ya daɗewa.

Na uku shi ne na alminiyam zalla, har tankin. Mai kyau daga cikinsa na da ƙarfi, amma idan ya huje sai an nemi mai waldar alminiyam, wanda ba a kowane gari ake samunsa ba.

Mai karatun kimiyya zai ce: ai jan ƙarfe ya fi alminiyam saurin ɗaukar zafi. Gaskiya ne, kusan 400 ne da 237 a ma'aunin da ke littafinmu. Sai dai dalmar da ta haɗa bututu da ganye ba ta kai ko kusa da haka ba, shi kuma alminiyam ana iya yi masa bututai masu faɗi. Don haka wajen sanyaya ruwa, masu kyau daga ɓangarorin biyu kunnen doki suke. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: idan ya huje, ina motar take, kuma wa zai gyara? Motar da ke kwana Gusau tana bin kwalta, na alminiyam mai inganci ya ishe ta. Wadda kullum ke ƙauyukan Bunguɗu ko Tsafe, a ganinmu na tagulla ya fi mata rufin asiri. Kuma idan tankunan tsohon na tagulla suna da lafiya, a tambayi mai gyara ko zai sa musu sabon ciki kafin a sayar da su ga 'yan gwangwan.

Batun dabul sel

Kusan kowane gareji za a ce maka: "A sa mata dabul sel, a cire tamostat." Dabul sel na nufin jerin bututai biyu maimakon ɗaya. Yana taimakawa idan akwai wurin da zai zauna ba tare da fanka ta taɓa shi ba, kuma idan fankar na da ƙarfin jan iska ta cikinsa, domin duk kaurin da aka ƙara, iska na ƙara shan wuyar ratsawa. Cire tamostat kuwa ɓoye cuta ne. Aikinsa ya tsare ruwa har inji ya yi ɗumin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, a motoci da yawa wajen digiri 82, sannan ya buɗe. Injin da ke yawo da sanyi ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. Idan tamostat ya maƙale, canja shi ake yi.

Ranar zuwa kasuwa

Ko a shagunan Gusau za a saya, ko an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a tafi da tsohon, ko da hotonsa da awonsa. Sunan mota kaɗai ba ya isa: Hilux mai injin dizal 3L daban take da mai injin fetur 22R. A rubuta lambar inji da ta shasi. A auna tsawo da faɗi da kauri. A duba gefen da bakin tiyo na sama da na ƙasa suke, da faɗinsu, da ramukan noti. Idan motar otomatik ce, dole a ga ƙananan bakuna biyu da man giya ke bi ya huce. Wanda ba shi da su na manuwal ne.

Idan ɗan Beljiyam ne, wato wanda aka ciro daga wata mota, a leƙa cikinsa da tocila, a nemi tsatsa ko alamar gam. Sannan a sa a toshe bakunansa, a hura masa iska, a tsoma shi cikin ruwa kamar yadda mai faci ke gwada tib. Inda kumfa ya fito, nan ne huji. Mai kayan da ya ƙi a gwada, a bar masa kayansa. Sabo kuma kada ƙyallinsa ya ruɗe mu: a duba ko ganyayyakin sun jeru daidai, a karɓi rasit, a yi magana kan mayarwa idan bai hau ba. Araha ba ta ado.

Bayan an ɗaura

A canja murfi da tiyon da suka yi laushi. A mayar da robar da ta zagaye fanka, domin ita ke tilasta wa iska bi ta cikin lagireto. Kada a cika shi da ruwan rijiya ko na burtsatse zalla. Gishirin da ke cikinsu na daskarewa a bututai kamar yadda yake yi a gindin butar shayi. A sa ruwan sanyaya inji na galan, wanda ke hana tsatsa, idan na haɗawa ne a haɗa shi da tataccen ruwa. Wannan ruwa mai launi yana da zaƙi amma guba ne, a nisanta shi da ƙannenmu da dabbobi. Kuma ko kusa kada a buɗe murfi inji na da zafi. Tururin na iya sale fuska.

Aikin gida na wannan mako: ku nemi izinin mai mota, da safe kafin a tada inji, ku karanta lambar da ke kan murfin lagireto. Sai ku tambayi malamin fiziks me ya sa ruwa ke jinkirin tafasa idan an matse shi. Ku aiko mana da amsoshinku ta hannun editan wannan shafi. Sai mako mai zuwa, inda za mu duba batir.