Amsa-amo kaɗai ba ya yin waƙa

Waƙoƙin da matasa ke zubawa a Facebook sun yawaita, abin farin ciki ne kuwa. Sai dai akasarinsu sun ɗauka da zarar ƙarshen kowane ɗango ya faɗa kan "na" ko "wa", waƙa ta kammala. Amsa-amo shi ya fi sauƙin samu a Hausa, domin galibin kalmominmu da wasali suke ƙarewa. Aikin yana wajen kari, wato jeranta gaɓa mai nauyi da marar nauyi bisa tsari guda daga baitin farko har na ƙarshe. Nan ne ake barin baya da ƙura.

Wasu za su ce aruli, wato ilimin auna kari, kayan aro ne, Halilu ɗan Ahmadu ya tsara shi a Basra don waƙar Larabawa, me zai sa a ɗaure Bahaushe da shi? Sunayen nau'o'in karin, irin su Kamil da Mutaƙarab, lalle na aro ne. Amma nauyin gaɓa namu ne tun fil azal. "Gari" da ake zama cikinsa da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya a boko, alhali gaɓar farko ta na biyun doguwa ce. Sa ɗaya a gurbin ɗaya, ɗango ya karye, kunne kuma ya ji. Boko ba ya nuna tsawon wasali, shi ya sa mai rubutu da ido kawai yake tuntuɓe bai sani ba. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, da kunne ya auna waƙarsa Infiraji, kuma daidaiton karinta na cikin abin da ya sa makafi da almajirai suka haddace ta suna rerawa ƙofa-ƙofa.

Akwai kuma masu ganin maimaici ƙarancin basira ne. Su dubi Tabbat Haƙiƙa ta Shehu Usmanu, wadda Nana Asma'u ta mayar Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Kalmomi biyun nan na sunanta ke rufe baiti bayan baiti, kowane karo suna hatimce gargaɗi dabam, mai sauraro kuma yana jiran zuwansu.

Ban hana kowa rubuta waƙa sakakkiya ba, amma ya iya karin tukuna. Malaman Hausa a sakandare su ma su rage zanen alamomin gaɓa a allo, su sa ɗalibai su rera baiti da baki kafin su yanka shi.