Amsa Ga Malamin Zuru: Auna Yaro Tukuna, Sa'an Nan Ka Auna Kulob

A makon jiya muka sami takarda daga wani malamin makaranta na Zuru. Bayan gaisuwa ya ce ɗansa mai shekara 13 ya hana shi sakat. Wai wani baƙo ya ga yaron a filin ƙwallo, ya ce in an biya kuɗin rajista da na mota zai sa shi cikin kulob ɗinsa mai zagaya garuruwa, kafin shekara biyu yaro yana Turai. Malam ya ce ba shi da abin sayarwa sai shanun huɗa biyu. Ya sayar da ɗaya, ko ya hana yaro?

To, Malam, riƙe sanka tukuna. Ba mu ce ƙwallo wasan banza ba ce. Yaran Nijeriya sun ci kofin duniya na matasa har sau biyar, watau a 1985, da 1993, da 2007, da 2013, da 2015, kuma akwai gidaje da yawa da ƙwallo ta rufa wa asiri. Amma mu Hausawa mun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Awo biyu ke gabanka, na yaro da na kulob, kuma na yaro shi ne farko.

Ku mutanen Zuru kun fi mu sanin wannan awo. A al'adar Dakarkari ba a sa yaro cikin 'yan golmo don kawai ya yi kuka yana so, sai an ga ƙashinsa ya yi ƙwari, yana iya wuni a gona tare da samari. Haka za ka yi. Duba, shi da kansa ya ke tashi zuwa fili, ko sai abokai sun kira shi? In aka ci su, ko aka ajiye shi a benci, gobe yana komawa, ko fushi ya ke yi? Ya taɓa kwana uku a wani gari ba tare da uwarsa ba, ya wanke tufafinsa, ya tsare ibadarsa? In wani babba ya cuce shi, yana da bakin gaya maka? Duba jikinsa kuma. A waɗannan shekaru yaro ke saurin tsawo, sau da yawa gwiwa da diddige su kan yi ciwo in wasa ya yi yawa. Mai ɗingishi hutu ya ke bukata, ba tafiya ba.

Ga gwaji mai arha. Bar shi zango ɗaya cikin 'yan wasan makarantarsu ko na gari, bisa sharaɗin kada sakamakon jarrabawarsa ya yi ƙasa. In ya cika alkawari, ya ci awon farko. In ya kasa, ka tsira da sanka, shi kuwa bai yi asarar kome ba sai wata uku.

Sai awon kulob. Kada ka yarda da hoto a waya, gani ya kori ji. Taka da ƙafarka ka ga filinsu, ka ga yara nawa ke hannun mai koyarwa ɗaya, ka ji irin bakin da ya ke yi musu. Tambayi ko suna da rajista da hukumar ƙwallo ta jiharsu. In na Jihar Kebbi ne, a Birnin Kebbi za ka bincika. Tambayi gasar da suka shiga bara, da garin, da watan. Gasa ta gaskiya ba ta ɓoyuwa, ga Kofin Ramat nan da a ke yi wa matasa a Kano don tunawa da Janar Murtala Muhammad, kowa ya san shi. Tambayi inda yara ke kwana, da wanda ke raka su, da wanda ke biyan magani in an karye. Ka fi mu sanin halin hanyoyin ƙasarku, saboda haka wanda ke tafiya da yara da dare kada ka ba shi naka. Nemi iyayen yara biyu da suka shekara a kulob ɗin ka ji daga bakinsu. Kowane kuɗi ka biya, karɓi rasiɗi. In kuwa suka ce a rage wa yaro shekaru a takarda, ɗauki hularka. Tun 2009 hukumar FIFA ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da shekara 17, ƙarya fure ta ke yi.

Batun Turai kuwa, nan ne baƙonka ya tona kansa. Dokar FIFA ta hana a kai ɗan wasa kulob na wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai da 'yan dalilai kaɗan, kamar iyaye su ƙaura can don wata harka da ba ƙwallo ba. Ahmed Musa ma, bayan ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Nijeriya yana Kano Pillars, sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba na 2010 kafin ya fara yi wa VVV-Venlo ta Holan wasa. A 2015 kuwa aka ba da labarin yaran Afirka ta Yamma, yawancinsu daga Laberiya, waɗanda aka kwasa zuwa ƙasar Lawos da sunan makarantar ƙwallo, suka ƙare suna kwana a ƙasa cikin filin wasa. To, wanda ya ce zai kai ɗan shekara 15 Turai, ko bai san doka ba, ko sanka ya ke so.

Shawararmu ke nan. Bana yaro ya yi wasa a gida yana karatu, baɗi in ya ci awo a nemi kulob na kusa wanda ba ya raba shi da aji. Kira shi ka gaya masa dalili, kada ka yi masa tsawa kurum, don yaron da aka hana ba bayani shi ke gudu da dare. In yana da baiwa, shekara ɗaya ba za ta ɓatar da ita ba. Allah ya shirya mana zuriya, amin.