Mu ɗauki hoton unguwarmu tun tana nan

Karɓi wayar kowane matashi a Zongon Parakou ko na Djougou, in ya yarda, ka duba hotunan da ke ciki. Za ka tarar da fuskarsa sau ɗari, da ankon biki, da motar wani da ya jingina da ita, da tarkacen da aka turo masa ta WhatsApp. Da wuya ka ga ƙofar gidansu. Da wuya ka ga zauren da ya yi karatun allo, ko mangwaron da ya yi masa inuwa tun yana rarrafe, ko hannun kakarsa tana kaɗa man kaɗe. A ganina wannan asara ce, kuma irin asarar da za a iya tsayar da ita ba tare da an kashe ko dala ba.

Ni malamin lakwal ne. Duk shekara nakan ba yaran ajin ƙarshe na firamare aiki guda: kowa ya siffanta wuri mai kyau. Dubai ce kan zo ta ɗaya, sai Faris, sai bakin teku a Kwatano, wuraren da yawancinsu a waya kawai suka gani. Da ƙyar a samu mai rubuta unguwarsu. Laifin namu ne manya, domin a bakinmu suka ji cewa kyau abu ne da ake hawa mota ko jirgi a je a gano. Kowa ya san yadda samari da 'yan matan Djougou ke kama hanyar Najeriya da Aljeriya da Libiya da ƙasashen Larabawa. Ba na cewa hoto zai hana wani tafiya, talauci ne ke kora, ba rashin kallo ba. Amma yaron da ya tashi yana ganin babu abin kallo a gidansu, ko ya samu a can, da wuya ya yi sha'awar dawowa ya gyara nan.

To me ke akwai na kallo? Fita bayan sallar asuba a lokacin hunturu, ka tsaya a bakin layi. Hazo ya sauko, rana ta fito ja kamar garwashi, hayaƙin mai ƙosai yana ratsa hasken, dattawa na dawowa daga masallaci a lulluɓe. Minti goma ne kawai, daga nan sai ƙarar zem ta cika gari. Shiga kasuwar Arzeke ka dubi yadda matan Fulani ke jera wagashi a faranti, wani fari, wani an rina shi ja da karan dafi. Dubi tulin sabuwar doya idan ta shigo a watan Agusta, yadda mai ita ke gina ta kamar katanga. Dubi alluna a jingine da bango bayan an tashi daga makaranta, tawada tana bushewa. Mata biyu na dakan sakwara a turmi guda, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, taɓarya ba ta taɓa karo da 'yar'uwarta. Audugar da ke zubowa daga manyan motoci ta maƙale a ciyawar bakin hanya. Mai ɗinkin hula da allurarsa. Dokin da aka yi wa kwalliya don hawan Gani kowa na ɗaukarsa, amma wa ya taɓa ɗaukar yaron da ke yi masa wanka da yankan ciyawa sauran kwanakin shekara?

Akwai dalilin da ya sa wannan ya fi shafarmu mu mutanen Zongo. Kakanninmu fatake ne. Djougou zango ce a kan hanyar goro tsakanin Gwanja da Kano, ayari kan sauka a huta, wasu su zauna su yi aure, ga mu nan. Jirgin ƙasa ya iso Parakou daga Kwatano a 1936, ya ƙara jawo mutane. Amma in ka nemi hoton waɗannan mutane, abin da za ka samu shi ne wanda Turawan mulki suka ɗauka don aika wa danginsu, a ƙasa an rubuta "ɗan kasuwa Bahaushe", babu suna, babu unguwa. Su ba su da abin ɗauka. Mu kuwa kowa na da shi a aljihu.

A Bamako an yi wani mai hoto, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948. Bayansa aka yi Malick Sidibé. Ba sarakuna suka bi ba. Maƙwabtansu suka ɗauka: tela da kekensa, budurwa da sabon zane, samari a wurin rawa, iyali a bakin kogi. A 2007 aka ba Sidibé babbar lambar yabo a bikin fasaha na birnin Venis a Italiya, kuma yau duk mai son sanin yadda mutanen Bamako suka rayu a wancan zamani, hotunansu yake nema.

Mu kuma gari yana sauyawa a gabanmu. Tun rusau ɗin 2017 na bakin tituna, rumfuna da yawa sun tafi. An shimfiɗa kwalta, an gina sababbin kasuwanni, gidajen ƙasa na faɗuwa ana maye su da bulo. Ni ina murna da kwalta, wanda ya taɓa tura babur cikin taɓon damina ba zai yi kewar taɓo ba. Sai dai rumfar da aka rushe, wani a nan ya koyi sana'a, wata a nan ta ciyar da marayu, kuma babu ko hoto ɗaya. Ga kuma yadda ake ganinmu daga waje. Tun da aka sace Faransawa biyu a gandun dajin Pendjari a 2019, aka kashe ɗan ƙasa mai yi musu jagora, in an ce "arewacin Benin" a kafafen labarai, soja da bindiga ake nunawa. In ba su ba, sai yaro mai ƙuda a fuska a takardar masu neman tallafi. Matsalolin gaskiya ne, amma ba su kaɗai ba ne mu.

Na san wani zai ce, Malam, ina hukuncin hoto? Malamai sun yi saɓani a kan hoton abu mai rai, kuma ban isa in raba musu gardama ba. Wanda ya ɗauki fatawar tsanani, ai ƙofa ba ta da rai, haka allo da tulu da hasken la'asar a jikin bango. Filinsa na da faɗi. Abin da ya fi damuna shi ne ladabi. Kada a ɗaga wa mutum waya sai an yi sallama an nemi izini. "Inna, zan iya ɗaukar farantin nan?" In ta ce a'a, shi ke nan. Cikin gidan mutane ba kasuwa ba ne. Almajiri da mara lafiya da tsohuwar da ba ta san ina hoton zai je ba, mutuncinsu ya fi kyan hoto. Kuma ba kowane hoto ne na Facebook ba, wani na iyali ne, a ajiye shi a gida.

Sauran abu mai sauƙi ne, ba sai da waya mai tsada ba. A goge gilashin da bakin riga. A guji tsakar rana, hasken safe da na bayan la'asar sun fi taushi. A matsa kusa, a bar jawo hoto da yatsa. Sa'annan a rubuta sunan wuri da ranar, da sunan mutumin in ya yarda, kada mu maimaita abin da Turawa suka yi wa kakanninmu. Wani abu kuma, waya ba ma'ajiya ba ce: ana sace ta, tana faɗawa ruwa, katin ciki na mutuwa ba sallama. Ko guda goma ne a shekara, a zaɓa a kai wa mai hoto ya wanke a takarda, a rubuta bayani a bayansu da biro, a sa a akwatin da ake ajiye takardar haihuwar yara da ta fili.