Kwanson harsashi ba hajar kasuwa ba ne

'Yan uwana 'yan kasuwa, musamman masu shigo da kayan aikin ƙira da masu sayen tsohon ƙarfe. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wata tambaya da wani matashi ya yi mini a kasuwar Bogo wata ranar Alhamis, lokacin da dillalan shanu ke ta ciniki. Yaro ne mai neman na kansa, yana kai-komo tsakanin Marwa da Mubi. Ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baba Alhaji, duba waɗannan injinan, wanne ya kamata in sayo? An ce maharba za su yi rububinsu." Da na duba sai na ga kayan gyaran kwanson harsashi ne, irin waɗanda ake wanke shi da su, a daidaita shi, domin a sake ɗura shi. Na ce masa, "Ɗana, ko ɗaya kada ka taɓa." Dalilan da na ba shi su ne nake so kowa ya ji.

Da farko dai mu san abin da ake magana a kai. Idan aka harba bindiga, kan harsashi ne ke tafiya, kwanson kuwa ya faɗo ƙasa. Mai kyau daga cikinsa da tagulla ake yin sa, wato jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30, kuma shi ne ya fi tsada a cikin harsashin, shi ya sa a Amurka masu farauta da masu gasar harbi ke tsince shi su sake amfani da shi. A can doka ta yarda mutum ya yi haka domin amfanin kansa, har akwai kamfanoni irin su RCBS da Lyman da Hornady da suka shekara da shekaru suna sayar da kayan wannan aiki. Tallansu ne ke faɗowa cikin wayoyin 'ya'yanmu. To amma masu iya magana sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Amurka daban, Diyamare daban.

A Kamaru akwai doka mai lamba 2016/015 ta 14 ga Disamba 2016, wadda ta tsara duk abin da ya shafi makamai da harsasai. Ƙera su, shigo da su, sayar da su ko ajiye su, duk sai da izinin hukuma. A tsallaken iyaka kuwa, dokar bindigogi ta Najeriya tun ta 1959 ta hana a ƙera ko a shigo da harsashi ba tare da lasisi ba. Haka kuma ƙasashen Afirka ta Tsakiya sun amince da yarjejeniyar Kinshasa a 2010, wadda ba bindiga da harsashi kaɗai ta ambata ba, har da sassan da ake haɗa su da su. Ƙasashen Afirka ta Yamma su ma suna da tasu tun 2006. Ke nan duk ta hanyar da ka bi da wannan kaya, ko ta Banki da Amchide, ko ta Gamboru da Fotokol, ko ta Kusuri, laifi ne gaba, laifi ne baya.

Ba a nan ta tsaya ba. Tun Disambar 2014 Kamaru take da dokar yaƙi da ta'addanci, wadda ta mayar da irin waɗannan shari'u gaban kotun soja. Jandarman da ya buɗe buhunka a shingen hanya ya ga kwanson harsashi da injin gyaransa, ba zai tsaya sauraron cewa maharba za ka kai wa ba. Kafin gaskiyarka ta bayyana, idan ma ta bayyana, jari ya narke, rumfa ta rufe, iyali sun shiga wani hali. Wace riba ce za ta biya wannan?

Wani zai ce ai maharba mutanen kirki ne, su ke kare gonaki daga namun daji, da yawansu kuma sun shiga ƙungiyoyin sintiri sun tsare ƙauyukansu lokacin da Boko Haram ta addabi Mayo Sava da Mayo Tsanaga da Logone da Shari, ga shi harsashi ya yi musu tsada. Wannan gaskiya ne, kuma ba na raina ƙoƙarinsu. Sai dai mu duba da kyau. Maharbinmu na gargajiya bindigar toka yake riƙewa, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ba ruwanta da kwanso. Mai bindigar farauta ta zamani da takardarsa a hannu kuwa, yana da shagon da hukuma ta ba izini inda zai saya. To wa ya rage da ke bukatar a gyara masa kwanson tagulla a ɓoye? Wanda ba zai iya zuwa shago ya nuna takarda ba. Mu da muka ga zamanin zargina, lokacin da ake tare fatake a hanya ranar kasuwa a kwashe kuɗin shanu, ake sace 'ya'yan makiyaya sai an biya fansa, mun san ko su wane ne. Mun kuma ji yadda mahara bisa dawakai suka kashe ɗaruruwan giwaye a gandun dajin Buba Njida a 2012. Wanda ya sayar wa irin waɗannan kayan aiki, ya wasa wuƙar da za a yanka shi da ita, domin kuwa ɗan kasuwa ne farkon wanda ake tarewa a hanya.

Sai kuma ku masu sayen tsohon ƙarfe, ku ma maganar ta shafe ku. Tagulla tana da daraja a kan sikeli, kuma yara kan kawo ta gauraye cikin buhu. Ku tambayi kanku, ina aka tsinto ta? Kwanson harsashi ba ya tsirowa a gona, inda aka yi ɓarin wuta ake samun sa. A watan Mayun 2022 an kashe kimanin mutum 30 masu neman tsohon ƙarfe a yankin Dikwa ta jihar Borno, kuma a 2023 Gwamna Babagana Zulum ya hana wannan sana'a a jihar saboda yawan rayukan da take ci. Duk kilo ɗaya da ka saya, ka ƙara wa wani yaro ƙwarin gwiwar komawa dajin da ba lalle ya dawo ba. Ban da haka, a cikin tarkacen akan samu harsashin da bai tashi ba, idan ya shiga wutar maƙeri sai ya fashe, ya tafi da ido ko yatsa. A gindin kowane kwanso kuma akwai alamar masana'antar da ta yi shi, sau da yawa har da shekara, da ita masu bincike ke gano inda makamai suka fito. Wanda ya narkar da shi ya ɓatar da shaida, wanda aka kama da shi kuwa shaidar ta hau kansa.

Shawarata guda uku ce. Ta farko, shugabannin kasuwanninmu, daga Bogo zuwa Marwa har Garwa, su zauna da 'yan ƙungiyarsu su yanke cewa ba a sayen kwanson harsashi a kowace rumfa, kuma a sanar da Lamido da hukuma cewa an yi haka. Ta biyu, duk mai sayen ƙarfe ya sa a zazzage buhu a gabansa kafin a ɗora a sikeli, abin da ya ga bai yarda da shi ba ya mayar, idan ya yi yawa ya kai rahoto. Ta uku, mai son shigo da kayan aiki ya dubi abin da jama'a ke nema a fili. Maƙeran farfaru da ke yin mundaye da zobba, da masu gyaran babura, da masu walda, duk suna bukatar zarto da awartaki da ma'auni mai kyau, kuma za ka baje su a rumfa da rana tsaka ba tare da gabanka ya faɗi ba idan ka hango kakin jandarma.

Shi wannan matashi da na faɗa muku, ya ɗan yi shiru sannan ya ce, "To Baba, ribar fa?" Na ce masa ribar da za ta hana ka barci a ɗakinka asara ce. Allah Ya ba mu halaliyarmu, Ya kare kasuwanninmu da hanyoyinmu, Ya dawo mana da zaman lafiya. Amin.