Daɓe ko Siminti: Lissafin da Magidanci Kan Manta

Sanin kowa ne cewa a garuruwa irin su Durun ta ƙasar Kabo, ba a kai amarya ɗaki sai an gyara ƙasansa. A nan ne magidanci kan zaɓa tsakanin daɓe da siminti, kuma galibi kuɗin kaya kaɗai yake dubawa.

Lalle siminti akwai tsada, domin a shekarar 2024 buhu mai kilo 50 ya kai naira 10,000 a kasuwanni da dama, ga yashi, ga ladan birkila. Amma aikin ɗaki ɗaya yini guda ne. Shi kuwa daɓe, marmara da makuba kusan kyauta ne, sai dai yana cin kwanaki: a haƙo, a jiƙa, mata su yi gayya da madaɓai, a ciyar da su, a yi ta yayyafa makuba har ya kama.

Kuskure ne a ɗauki gumin matan nan a banza. Lissafin gaskiya shi ne a haɗa kuɗin kaya da kwanakin aiki, ko wa ya yi shi. Gayya kuwa bashi ce: ranar da maƙwabta suka kira, matan gidan ne za su je su biya.