Dogon Yamai zuwa Doso: me ya kashe shi, wane darasi ya bar wa Maradi?

Tunda zancen dogon Kano zuwa Maradi ya cika gari, bari mu waiwayi wanda ya riga shi, don mu san abin da za mu tambaya.

Ran 7 ga Afrilun 2014 aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta Yamai, gaban shugaba Mahamadu Isufu da takwarorinsa na Benin da Togo. Kamfanin Bolloré na Faransa ne ya ɗauki aikin. Burin shi ne dogo ya taso daga Kwatano, ya ratsa Yamai da Wagadugu, ya sauka Abijan. A 2015 aka kafa kamfanin Bénirail don ya gaji OCBN, hukumar haɗin gwiwar Nijar da Benin da ke riƙe da dogon Kwatano zuwa Parakou tun 1959. Cikin Janairun 2016, ana saura ƴan makonni zaɓe, aka ƙaddamar da kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso. Daga nan sai shiru: ba jigilar fasinja, ba ta kaya.

To, me ya kashe shi? Na farko, shari'a. Attajirin Benin Samuel Dossou, mai kamfanin Petrolin, ya ce shi aka fara bai wa aikin. A Nuwamban 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta Kwatano ta ba shi gaskiya, ta tsayar da Bolloré a ɓangaren Benin, kotun ƙoli kuma ta tabbatar a 2017. Ke nan an fara gini ba a gama rabon fili ba.

Na biyu, Doso ba bakin teku ba ce. Tsakaninta da Parakou babu dogo. Ɗan kasuwan da ya ɗauko shinkafa daga Kwatano sai ya sauke a Parakou, ya loda wa manyan motoci, su ƙetare kogi a Gaya, sannan ya sake saukewa a Doso saboda kilomita 140 kawai. Wa zai biya ƴan dako sau biyu alhali motar na iya zarcewa Yamai?

Yanzu ga na Maradi: kilomita 284, ta Daura, Katsina da Jibiya, Najeriya ce ta bai wa kamfanin Mota-Engil aikin, aka aza harsashi a Fabrairun 2021. Muna fatan alheri. Amma mu riƙa tambaya: yaushe zai haɗu da tashar ruwa ta Legas? Wa zai tafiyar da shi a ɓangarenmu? Nawa ne dakon buhun albasa ko wake? In an rufe iyaka kamar 2023, ina makomarsa?

Ganin jirgi a ranar biki ba shi ne samun jirgi ba. Ku turo mana ra'ayoyinku, za mu karanta su a shirinmu na gaba. Allah ya kai mu.