Sitiyari A Dama, Titi A Dama: Nasiha Ga 'Yan'uwa Mazauna Ƙasashen Waje

Idan kaka ta yi, aka shiga haƙar citta a ƙasar Jaba, hunturu kuma ya fara saukowa daga dutsen Kagoro, sai hankalin 'yan kudancin Kaduna da ke zaune a ƙasashen waje ya koma gida. Wani yana so ya yi Kirsimeti a Kafanchan, wani ya ga bikin Afan na ranar 1 ga Janairu a Kagoro, wani kuwa ɗaurin auren ƙanwa ke jiransa a Jema'a. Ba mai son ya zo hannu rabbana. A cikinsu ba a rasa malamin asibiti ko ɗalibi a Ingila wanda ya ga wata 'yar motar tsere mai kujera biyu, ja zur, ana sayarwa da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ransa ya biya, ya fara lissafin yadda zai ɗoro ta a jirgin ruwa. To, da irin wannan ɗan'uwa nake magana a wannan mako, da kuma dangin da ke zuga shi daga gida.

Mu fara da dalilin arahar, domin Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Ingila da Japan, kamar Indiya da Kenya da Afirka ta Kudu, hannun hagu suke bi a titi, saboda haka motocinsu sitiyari a dama yake. Yawancin ƙasashen duniya kuwa dama suke bi, watau ke nan tsohuwar motar Ingila ba ta da masu saye da yawa a waje. Ga kuma dokokinsu masu tsanani. A Ingila duk motar da ta wuce shekara 3 sai an duba lafiyarta kowace shekara. Tun watan Agusta na 2023 aka faɗaɗa harajin hayaƙi ya game birnin Landan duka, mai tsohuwar mota ya riƙa biyan fam 12.50 a kowace ranar da ya fito da ita. A Japan ma binciken da ake wa mota bayan kowace shekara 2 yana cin kuɗi ƙwarai. Wannan ya sa masu motoci irin su Mazda MX-5 da Toyota MR2 ke neman kai da su. Can abin ya zame musu kaya, mu kuwa muna hangensa ganima.

Dattawan Kafanchan da suka yi aikin reluwe za su iya tuna lokacin da mu ma hagu muke bi, gadon da Turawan Ingila suka bar mana. Ranar Lahadi 2 ga Afrilu 1972, wadda ta dace da bikin Ista, Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta mai da ƙasar nan hannun dama. A lokacin Kafanchan tana cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, tun ba a sa mata suna Jihar Kaduna ba. Dalili kuwa a fili yake: maƙwabtanmu duka, Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey, wadda ake kira Benin yanzu, dama suke bi, direban da ya ɗauko kaya daga Kano zuwa Maraɗi sai ya sake hannu a kan iyaka. Saliyo ta riga mu a 1971, Gana ta biyo baya a 1974. Da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, sitiyari a hagu ya sa. Yau shekara 50 da ɗoriya ke nan, duk wata mahaɗa da shataletale da allon hanya a ƙasar nan an tsara su ne domin direban da ke zaune a hagu.

Doka ma haka ta tafi. Ƙa'idojin bin hanya na ƙasa na 2012 sun hana yi wa mota mai sitiyari a dama rajista, sun kuma hana tuƙa ta a kan titin gwamnati, Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi a kan haka. Wani zai ce ai ya ga samarin Amurka suna shigo da Nissan Skyline daga Japan suna holewa da ita. Haka ne. Dokar Amurka ta yarda a shigo da motar da ta cika shekara 25, kuma ba ta hana sitiyarin dama ba. Amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abin da ya halatta a Kalifoniya bai zama hujja a gaban jami'in da ya tsai da kai a Zonkwa ba.

A ajiye maganar doka, mu hau titi. Ya kai mai karatu, ka ƙaddara ka taso daga Kwoi za ka Kafanchan, ko daga Kachia ka nufo Zonkwa. Hanya ce ta mota biyu, mai zuwa da mai dawowa, ga hawa da gangara, ga kwana. A gabanka akwai babbar mota ta yi lodin citta tana nishi. Direban da ke zaune a hagu, da ya ɗan karkata kaɗan ya hango abin da ke tafe. Kai kuwa da ke zaune a dama, a gefen daji kake, bayan bodin motar nan kaɗai kake gani. Kafin idonka ya kai ga hanya sai ka fitar da kusan dukan motarka zuwa hannun masu tahowa. Wanda ke zaune a kujerar hagu, matarka ce ko ƙanenka, shi ne zai fara arba da tirela. Daɗin daɗawa motar tsere ce, mai kujera ƙasa-ƙasa, wadda aka ƙera domin ta kwaɗaita wa direba wuce na gaba.

Da dare kuma wata sabuwa. Fitilun motar Ingila an saita su ne su ɗaga haske zuwa hagu, inda gefen titinsu yake. A titinmu, hagun nan idon mai tahowa ne. Ka kashe masa ido, kai kuma ba ka ga mai keke ko mai ɗauke da itace a gefenka na dama ba. In ka tsaya sauke mutum a bakin kasuwa, ƙofarsa tsakiyar titi take buɗewa, inda 'yan acaɓa ke wucewa.

Nan ne akan ce, ai abu mai sauƙi ne, a kai wa makaniki ya juya sitiyarin. Lalle makanikanmu suna da basira, ba mai musun wannan. Amma juya sitiyari aiki ne da ya shafi ran mota. Sai an sake ƙarfen da ke juya ƙafafun gaba, an mai da birki da kuloci da totur ɗaya gefen, an huda bangon da ke tsakanin inji da direba, an sake dashbod da wayoyin lantarki da jakar iskan da ke tare mutum in an yi karo. In an sami kayan asali na irin motar mai sitiyari a hagu, aka kuma sami gwani, aikin yana yiwuwa, sai dai kuɗinsa kan cinye arahar da aka yi murna da ita. In ba a samu ba, sai yanka da walda. Irin su Skyline GT-R na shekarun 1990 ma kamfanin bai taɓa ƙera su da sitiyari a hagu ba, balle a sami kayan. Ƙarfen sitiyarin da aka yi wa walda ba ya sallama ranar da zai karye, kuma ba ya karyewa sai ana cikin gudu. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Mai sayen mota a gida ma ya buɗe ido, domin akwai motocin Japan da ake juyawa a ƙasashen Larabawa a kawo su kamar na asali. A duba sandar sigina: in tana dama da sitiyari, alama ce. A duba gefen da waifa ta fi sharewa, a kuma buɗe bonet a nemi tabon walda ko faci a bangon inji.

Sa'an nan ga lissafin aljihu. Tun 2022 Kwastan suka koma ƙimanta mota da lambar jikinta, ba su damu da rasidin arahar da ka riƙe ba. Tun da aka saki Naira ta nemi farashinta a watan Yuni na 2023, kuɗin fito ya yi tashin gwauron zabo, domin da canjin dala ake lissafa shi. Akwai iyakar shekarun tsohuwar motar da aka yarda a shigo da ita, motocin tseren da ke araha kuwa galibi tsofaffi ne. Duk kwanan da mota ta ƙara a tashar Apapa ko Tin Can ana gardama a kanta, kuɗin ajiya hawa yake yi. In ma ta fito, cikinta bai fi taƙi guda daga ƙasa ba. Kwaltar Landan aka ƙera wa ita, ba hanyar ƙauye da damina ba, kuma ranar da salansa ko gilashi ya fashe, sai an jira saƙo daga Turai.

Shawarata ita ce: wanda ransa ke son motar tsere, ba laifi, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ya saye ta a inda yake zaune, ya more ta a titin da aka yi dominta, ranar dawowa ya sayar. In lalle sai ya kawo mota gida, ya tsallaka Jamus ko Beljiyam ko Holan, ko ya nema daga Amurka da Kanada, inda sitiyari ke hagu, MX-5 ɗin ma akwai ta can. Kafin ya biya ko kwabo, ya tambayi Kwastan dokar da ke aiki a wannan shekara, ya nemi wakilin fito mai lasin, domin mai tambaya ba ya ɓata. Dangi kuma a rage zuga. Abin da uwa ke jira a ƙofar gida a watan Disamba ɗanta ne, da ƙafafunsa biyu, ko da a motar haya ya sauka.

Allah Ya kai matafiya gida lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.